Bangon Yaya da Sakataren Injiniya

Wani tsohon ɗalibina ya tare ni a bakin titi kwanan baya, ya nuna mini hoton wata 'yar na'ura a jarida, irin wadda ake riƙewa a tafin hannu tana ajiye wa mutum sunaye da lambobi da ranakun alkawari. Wai in ba shi shawara ko ta cancanci a saya. Na ce masa ni lissafi na koyar shekara talatin, ban koyar da sayayya ba. Amma na taɓa zama kusa da irinta har mako uku, kuma zan iya shaida cewa ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Wannan ma shi ya jawo duk abin da ya faru.

Matata tela ce. Kowa a layinmu Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, har ni idan na yi laifi. Shagon na mahaifinsu ne, ita da ƙaninta, kuma da tsohon zai rasu bai yi doguwar wasiyya ba. Ya miƙa mata babban almakashi, ya dubi ƙanin ya ce, "Kai kuma ka riƙa taka keke." Shekara goma sha tara ana haka. Ƙanin ya auna mutum ya faɗi lambobi, Yaya ta rubuta, Yaya ta yanka, shi ya ɗinka. Ɗinkinsa ba laifi, in faɗi gaskiya. Bakinsa ne ya fi keken gudu.

Injiniya ake ce masa, tun ranar da ya gyara fankar shago ta koma zuƙe iska maimakon hurawa. Shi bai taɓa ɗaukar sunan a matsayin zolaya ba, har a jikin ƙwaryar kekensa ya rubuta shi da fenti.

Shagon ba shi da littafin awo. Bango ne littafin. Daga bakin ƙofa har bayan teburin yanka, daga gwiwa har inda hannun Yaya ke kaiwa in ta hau kujera, duk rubutun fensir ne: laƙabin mutum, sai kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Nan da can akwai 'yan ƙananan da'irori a gefen wasu sunaye, wani ɗaya, wani biyu. Tunda na yi ritaya nake zama a shagon ina karanta jarida, na kuwa lura gefen sunana akwai biyu. Na taɓa tambayarta ma'anarsu, ta ce in ci gaba da karatuna.

To, sai 'yarmu ta haihu a wani gari, Yaya za ta je ta yi mata mako uku. A daidai lokacin ne kuma otal ɗin da ke ba shagon aiki tun zamanin tsohon ya aiko da yadi: za a buɗe sabon ɗakin cin abinci, ana son falmaran da wando na masu hidima goma sha biyu.

"Yaya, ki tafi hankali kwance," in ji Injiniya.

"Duk ranar da ka ce haka ne hankalina ke tashi."

"Ki ba ni almakashin kawai ki ga aiki."

Yaya ta ciro almakashin daga aljihun tebur ta ajiye a gabansa. "Aro ne. In na dawo na tarar mutum goma sha biyu sun shiga kayansu sun yi hidima lafiya, ya zama naka, ni in koma taka keke. In ba haka ba, kada ka sake yi mini maganarsa har mu tsufa."

"Ai mun tsufa, Yaya."

"Har mu ƙara. Awonsu duka yana bango. Ka kira su gwaji kwana biyu kafin ranar. Sannan waɗannan 'yan da'irorin..."

"Haba Yaya! Shekara goma sha tara ina kallon bangon nan. Ni za a koya wa bango?"

Direban motar da ke jiranta ya danna hon, ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta ce mini, "Malam, ka sa ido." Na sa ido kuwa. Ba wanda zai ce ban ga komai ba.

Washegari Injiniya ya shigo da ƙaramin kwali a hammata, yana tafiya kamar wanda ya dawo daga karɓar lambar yabo. Ya leƙa shagon mai aski da ke dama da mu, ya leƙa rumfar mai gyaran takalmi da ke hagu, ya ce su zo su ga inda duniya ta dosa. Ya buɗe kwalin. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, launin toka, tana da fuskar gilashi da wani ɗan tsinken roba da ake dangwala ta da shi.

"Wannan," in ji shi, "Sakatare ke nan. Suna dubu yake riƙewa. Ba ya mantuwa, ba ya gajiya, ba ya neman izinin zuwa asibiti."

"Yana sa zare a allura?" mai takalmi ya tambaya.

"Kai da kake zaune cikin ƙafafun mutane, me ka sani game da ƙwaƙwalwa?"

"Ni dai abin da na gani," in ji mai aski, "madubi ne da ba ya nuna fuska."

"Malam, kai ne mai ilimi a nan. Gaya musu."

Na ce abu ne mai kyau, ga alama, ga wanda yake da alkawura da yawa. Injiniya yana da alkawari ɗaya ne a wannan watan, amma ban ga dalilin ɓata masa rana ba.

Kwana uku muka yi muna kwashe bango. Ni ina karantawa, shi yana dangwalawa da tsinke, harshensa a waje. Da muka zo kan Kyaftin, wato shugaban masu hidima na otal, na ce, "Ƙugu talatin da shida, da da'ira biyu."

"Da me?"

"Da'ira biyu. A gefe."

Ya juya na'urar, ya duba sama, ya duba ƙasa. "Babu gurbin da'ira."

"Wataƙila suna da ma'ana."

"Malam, mutanen da suka ƙera wannan abu sun yi karatu ya fi naka, ba raini ba. Da da'ira tana da amfani a awo, da sun sa mata gurbi. Yaya ce in tana jiran mutum ya gama surutu take zane-zane."

Na yarda cewa in haka ne, a shagon nan tana da dalilin zana da'ira dubu. Muka wuce.

Sai muka zo kan Dogo. A otal ɗin akwai Dogo uku. Na farko dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga shago. Na biyu bai kai kafaɗata ba, abokan aiki ne suka sa masa sunan don mugunta. Na uku ɗan wani Dogo ne da ya yi aiki a can da, ya gaji sunan, bai gaji tsawon ba, sai faɗi. A bango ba a taɓa ruɗewa ba, domin Yaya ta rubuta na farko can sama kusa da silin, na biyu ƙasa kusa da soket, na uku a tsakiya inda fili yake da yawa. Da Injiniya ya shigar da na biyu, Sakatare ya yi ɗan ƙara ya rubuta tambaya.

"Wai akwai mai wannan suna, in maye gurbinsa?" Ya yi dariya. "Ka ga basira? Har ya san Dogo!" Ya danna e. Da aka zo na uku ya sake danna e. Na buɗe baki, sai ya ɗaga mini tsinke kamar yadda nake ɗaga wa yara alli a aji, na rufe.

A rana ta huɗu na zo na tarar da ƙofa a buɗe, kekuna a waje, shago yana warin fenti. Bangon ya yi fari tas. Injiniya yana tsaye a tsakiya da buroshi, fenti har a girarsa.

"Yaya za ta ɗauka ta ɓata hanya ta shigo asibiti," in ji shi da alfahari.

"Za ta iya buƙatar asibitin," na ce.

Daga nan Sakatare ya karɓi mulki. Injiniya ya gano cewa Sakatare yana yin ƙara in lokacin abu ya yi, sai ya cika shi da lokuta: lokacin buɗe taga, lokacin sa wa keke mai, lokacin shan ruwa, lokacin duba ko akwai wani lokaci. Ƙaran siriri ne mai shiga kunne, bangon da ke tsakaninmu da mai aski kuwa katako ne. A rana ta shida mai aski ya shigo da reza a hannu, bayansa wani dattijo riƙe da auduga a kunne.

"Injiniya, ko ka kashe tsuntsun nan ko in yanka shi."

"Tunatarwa ce."

"Ya tuna wa hannuna ya yi tsalle! Dubi kunnen bawan Allah."

"To ka gaya mini lokutan da kake aski in shigar, sai ya riƙa yi maka gargaɗi tukuna."

"Da wane ƙara?"

"Da wannan dai."

Wata mata kuma ta zo karɓar rigar mijinta, rigar tana rataye a gabanta, an goge, an gama. Injiniya ya duba na'ura ya ce ranar karɓarta Alhamis ce.

"Ga ta can ina gani."

"Ni ma ina gani, Hajiya, amma Sakatare bai gani ba tukuna."

Ta miƙa hannu ta sauke rigar da kanta, ta ce ya gai da Sakatare.

Yankan kayan otal kuwa ya yi shi cikin shagali. Ya jingina na'urar da gwangwanin maɓallai, ya ɗaga almakashi yana kaɗa shi a iska sau biyu kafin kowane yanka, don mai takalmi ya ji. Lamba ta ce talatin da shida, ya yanka talatin da shida, ko gashi bai ƙara ba. Na ga ya shimfiɗa wanduna uku iri ɗaya, gajeru masu faɗi kamar buhu, na tambaye shi ko bai ga wani abu ba.

"Na ga daidaito," in ji shi.

Kwana biyu kafin ranar, na tuna masa gwaji.

"Gwaji na masu shakka ne, Malam. Mai fensir shi ke gwaji." Ya kira manajan otal a gabana ya ce kada a wahalar da ma'aikata, kaya za su iso da safiyar ranar, kuma in aka sami kuskuren rabin inci ya yarda a kira shi da duk sunan da aka ga dama. Manajan ya ce ya ji daɗin jin haka. Ina jin ya rubuta.

Yaya ta dawo ranar buɗewar da hantsi, kai tsaye daga tasha zuwa otal, domin an gayyace mu. Ba ta ga bango ba tukuna. Ni kuwa ban ga amfanin in tarbi matafiyi da labari ba.

Ɗakin ya yi kyau, tebura da fararen mayafai, baƙi sun kai ɗari, ga mai hoto. Mai aski da mai takalmi sun zo ba tare da gayyata ba, suka tsaya a bakin ƙofa da fuskokin mutanen da suka rufe shago don abin da ya fi ciniki. Kayan sun iso a makare, saboda Sakatare ya ce lokacin tashi bai yi ba, don haka masu hidima suka saka su a gurguje a bayan kicin. Manaja ya gama jawabi, ya tafa hannu, ƙofar kicin ta buɗe.

Ban taɓa ganin mutum goma sha biyu suna tafiya a hankali haka ba. Biyar daga ciki lafiya lau suke, kaya sun zauna musu, kuma ya kamata a rubuta wa Injiniya wannan. Sauran sun fito a miƙe, ƙirji a gaba, ido a waje, kowa riƙe da faranti kamar mai ɗauke da ƙwai a kan igiya. Dogo na gaske ya fito da wando iya gwiwa, safarsa ɗaya ja ɗaya baƙa, abin da bai yi niyyar sanar da jama'a ba. Ƙaramin Dogo ya riƙe faranti da hannu ɗaya, wando da ɗayan, domin mutum biyu irinsa za su zauna a ciki su yi hira. Dogo na uku kaɗai ke murmushi.

"Wancan ƙwallo zai buga?" mai takalmi ya tambaya, ba a hankali ba.

Wata baƙuwa ta yar da cokali. Wani mai hidima ya dubi cokalin, ya dubi wandonsa, ya yanke shawarar bai gani ba. Na kusa da shi, mai ƙwazo, ya sunkuya. Ƙaran da ya biyo baya ya kai har teburin ƙarshe. Ya miƙe ya koma kicin da baya da baya, yana gaisawa da mutane.

Manaja ya iso teburinmu, murya ƙasa ƙasa, jijiyar wuya sama sama. "Wane ne ya yanka waɗannan kaya?"

Mutum mai hankali zai dubi silin. Injiniya ya miƙe tsaye, ya zaro Sakatare daga aljihun dama, tef ɗin awo daga na hagu.

"Ni ne, kuma ba kuskure. Ma'aikatanka ne suka ƙara ƙiba. Kyaftin, zo nan! Jama'a ku zama shaida."

Kyaftin ya taho, babban mutum mai furfura da kwarjini, falmaran ta kama shi har maɓallan suna kallon gefe. Injiniya ya ɗaga na'urar sama. "Nan an rubuta ƙugu talatin da shida." Ya zagaya tef a cikin Kyaftin. Ina kallo, da tef ya taɓa shi, sai bawan Allah ya ƙara miƙewa, ya ɗaga haɓa, cikin ya shige ciki kamar an kira shi daga baya.

"Talatin da shida!" Injiniya ya yi ihu. "Malam, kai ne mai lissafi, zo ka karanta!"

Na je na karanta. Talatin da shida ne cif.

Yaya ba ta tashi daga kujera ba. Ta ajiye kofinta ta ce, "Kyaftin, sannu da aiki. Saki numfashi."

"Na'am, Yaya?"

"Saki. Ka yi ƙoƙari."

Ya dube ta kamar mai neman afuwa, ya saki. Maɓalli na farko ya bugi jug ɗin ruwa. Na biyu ya wuce ta gefen kunnen manaja. Na uku ba a gan shi ba sai da wani baƙo ya tsamo shi daga kofinsa. Tef ɗin ya zame a hannun Injiniya ya tsaya a arba'in. Mai hoto, wanda aka biya don ya ɗauki abin tarihi, ya ɗauka.

A cikin shirun da ya biyo baya, Sakatare ya yi ƙara. Injiniya ya duba, don ya saba.

"Me ya ce?" mai aski ya tambaya daga ƙofa.

"Lokacin shan ruwa," in ji Injiniya a sanyaye.

Yaya ta miƙe, ta ce wa manaja ya ba ta minti arba'in da tsofaffin kayan ma'aikata, sababbin kuma kwana biyar, yadin da ya lalace a wuyan shago. Ta shiga kicin da allura da zaren da ba ta rabuwa da su. Manajan ya yarda, bisa sharaɗin kada ya sake jin kalmar Sakatare a harabarsa.

A hanyar komawa ta yi wa ƙaninta bayani, a taƙaice. "Duk namijin da ya ga tef sai ya tsotse ciki. Wani kaɗan, wani da yawa. Ba a gaya masa, ba a kunyata shi. Da'ira ɗaya, a ƙara inci biyu. Da'ira biyu, a ƙara huɗu. Baba ne ya koya mini."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Na fara. Ka ce kai ba a koya maka bango."

Ni kuwa ina biye da su a baya. Ina lissafin da'irori biyun da ke gefen sunana, ina tuna shekarun da na yi ina gaya wa abokai cewa ƙuguna bai motsa ba tun ina saurayi.

Muka iso shago, ta buɗe ƙofa, ta ga farin bango. Ta tsaya. Mai aski da mai takalmi suka ja da baya taku biyu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu kawai, Injiniya ya ɗora mata almakashi a kai, ta mayar da shi aljihun tebur ta murɗa makulli.

Allah ya taimaka, Injiniya fenti mai araha ya saya. Ya yi mako biyu yana kankare shi a hankali da soso da ruwan ɗumi, wuraren da suka yi tauri kuma da ɗan tsinken Sakatare, wanda ya dace da aikin ƙwarai. Yawancin rubutun ya fito, dishi-dishi. Wanda bai fito ba, aka kira masu shi aka sake aunawa, suka zo suka tsotse ciki, Yaya ta zana abin da za ta zana.

Na'urar tana nan, an cire mata batir. Yaya tana danne bakin yadi da ita in fanka na kaɗawa, ta ce nauyinta daidai ne, ba ta kuma barin tabo. Wannan shi ne abin da na gaya wa ɗalibina: abu ne mai aminci, duk abin da ka gaya masa zai riƙe, abin da ba ka sani ba kuma ba zai tsegunta maka ba.

Injiniya ya koma kekensa, ya yi shiru har na kwana huɗu. A rana ta biyar ya fara ba mai takalmi labarin wata sabuwar na'ura da ke auna mutum da haske, ba tef, ba fensir, wadda in shagon ya samu zai ɗinka wa gari duka a wata ɗaya. Yaya ta ɗauki fensir, ta nemo sunansa a bango, ta zana wata alama a gefe, da'ira da aka soke da layi.

"Wannan kuma fa, Yaya? Ni ban taɓa tsotse ciki ba."

"Na sani. Masu da'ira ƙara musu ake yi." Ta mayar da fensir bayan kunne. "Wannan don wanda zai gaje ni ne. Duk abin da ka faɗa, a rage rabi."